Kwalabe Shida da Na Kai Indiya

Tun da na dawo daga Indiya ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a rumfar ƙofar kamfani ba. Da na zauna sai wani ya matso da bencinsa: "Malam Nasiru, yaya Indiya? Da gaske ne suna rawa a tsakiyar titi?" Wani ya tambaye ni ko na hau giwa. Akwai wanda har yau yake fushi da ni don ban taho masa da maganin basir ba. Na ba da labarin nan ya fi sau talatin, kuma duk lokacin da na bayar akwai wani yanki da nake tsallakewa. To, yau zan rubuta shi gaba ɗaya, kowa ya huta, ni ma in huta.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata tara ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfanin jima a Challawa, nan Kano, ina zaune a Panshekara. Aikina in auna ruwan da muke zubarwa bayan an jeme fata, in rubuta abin da na gani, a sa a fayil, fayil ya yi barcinsa. A gefe guda kuma ina karatun digiri na uku a fannin kimiyya, shekara ta bakwai kenan. Ɗana na fari da aka haifa shekarar da na fara, yanzu shi yake tambayata yaushe zan gama makaranta. A farkon shekarar nan jami'a ta aiko mini da takarda mai ladabi sosai, cewa in ban miƙa kundina ba kafin ƙarshen zango, za su cire sunana, tare da fatan alheri.

Abin da nake bincike a kai wani baƙin gari ne da nake haɗawa daga ƙarfe. In ka gan shi sai ka rantse kwalli ne. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, irin waɗanda ake kira nano, ido ba ya ganin guda ɗaya ko da gilashin likita. In ka zuba shi a ruwan jima sai ya kama gubar sinadarin kurom da ke ciki, sannan ka kawo maganaɗisu ka janye garin da gubar tare, ka wanke shi, ka sake amfani da shi. Tambayar da digirina ya rataya a kanta ita ce: sau nawa za a wanke a sake kafin garin ya lalace? Don haka na haɗa kwalabe shida. Ta farko sabon gari, ta biyu wanda ya yi aiki sau ɗaya, haka har ta shida wanda ya yi aiki sau biyar. Wata takwas na yi ina haɗa su, tsakanin ɗauke wuta da jiran sinadari, kuma kowace kwalba bai fi rabin cokalin shayi a cikinta ba. Babu ragowa ko ɗigo.

Injin da zai auna su ana ce masa FMR. An ce akwai irinsa a wata jami'a a ƙasar nan. Na je, na same shi lulluɓe da tamfol, ana jiran wani ƙarfe da aka yi odarsa tun kafin in yi aure. Manajanmu, Mista Rajan, shi ya ji tausayina. Ya ce a garinsu, can kudancin Indiya, akwai jami'ar da surukinsa ke koyarwa, suna da injin kuma yana numfashi. Aka ba ni kwana uku a kansa, ba ƙari.

Kwalaben na gilashi ne, sirara kamar ɗan yatsa. Na manna wa kowace takarda, na rubuta lambarta da biro. Ina cikin tunanin yadda za su tsira daga masu jifa da jaka a filin jirgi sai Baba Idi ya leƙo. Baba Idi shi ne mai tantance fata a kamfaninmu, mutumin wajen Maraɗi, baduku ɗan baduku, ya fi shekara talatin a nan. Ya juya kwalba ɗaya a hannunsa, ya ce, "Injiniya, wannan ko Dawanau ba za ta kai ba. Ku ba ni kwana biyu."

Ya dawo mini da su ɗinke cikin jar fatar akuya, kowace da ɗan hannunta na ratayawa. Ya ce a jiƙe ya ɗinka fatar, ta bushe ta matse a jikin gilashin. Kafin in yi magana ya ɗaga ɗaya ya sake ta a kan siminti. Raina ya kusa fita. Ta yi tsalle ta mirgina, ba abin da ya same ta. Na yi masa godiya irin wadda ɗan boko ke yi wa tsoho, da baki cike da "madalla, Baba" da ido a kan agogo. A zuciyata kuwa cewa nake, shekara bakwai ta kimiyya ga ta nan ta koma layu.

Ranar tafiya, wata tirela ta gindaya a hanyar Sharaɗa ta ce ba inda za ta. Na sauka daga motar kamfani da jakata, na shiga adaidaita sahu, wanda direbansa ya ɗauki maganar "ina sauri" a matsayin izinin kashe ni. A jakar akwai kilishin da matata Binta ta cusa, da yaji, da saƙon kuka da daddawa na wani ɗalibi da ban taɓa gani ba, wanda aka ce yana Indiya. Daga baya na gano tsakanin garinsa da inda na je ya fi nisan Kano da Legas sau biyu. A wurin mutanenmu Indiya unguwa ce, in ka shiga za ka gan shi a bakin masallaci.

A filin jirginmu ba a ba ni wahala ba. Jami'in da ya buɗe jakar ya ga jajayen abubuwa shida a jere, ya dube ni, ya rufe jakar a hankali da hannu biyu, ya ce, "Allah ya sa a dace, Malam." Har ya ɗan rusuna. Na buɗe baki zan yi masa bayanin ƙwayoyin nano, sai na ga ba ya son sani.

Mun yada zango a Habasha awa shida, inda na koyi cewa kujerar filin jirgi an ƙera ta ne musamman don kada ɗan Adam ya ji daɗi. Da hantsi washegari muka sauka a Indiya. A nan ne kwastan ya ɗaga hannu ya kira ni gefe. Mutum ne mai gashin baki, mai natsuwa, bai ɗaga mini murya ba ko sau ɗaya. Ya jera abubuwan shida a kan tebur ya tambayi mene ne. Na ce kayan bincike ne, na miƙa masa takardar gayyata mai hatimin jami'a. Ya dubi takardar, ya dubi jar fatar, ya sake duban takardar. Ban ga laifinsa ba.

A bayana akwai wani Bakano da ya rako mahaifinsa asibiti. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, a cikin Hausa, da tausayi, "Haba Malam, irin wannan ai a ƙugu ake ɗaurawa, ba a jaka ba." Mutanen da ke layi, masu kwat da jakar kwamfuta, duk sun zuba ido. Wata mata ta ja ɗiyarta baya. Kwastan ya miƙo mini 'yar reza ya ce in buɗe guda ɗaya ya gani.

Guda ɗaya ya ce. Ku riƙe wannan. Amma kunya ta riga ta hau kaina ta zauna. Ni da na zo a matsayin masanin kimiyya, ga ni tsaye a gaban duniya kamar boka da aka kama da kayan aiki. Na farke ta farko, na farke ta biyu. Mutumin ya ce ya isa. Na farke ta uku. Ya sake cewa ya isa, ɗaya ma ta wadatar. Ban tsaya ba sai da na tuɓe su duka shida, na tattara fatun da hannu ɗaya na watsa a kwandon shara da ke gefen teburin, don kowa ya shaida cewa ni ba ruwana da su. Ya ɗaga kwalba ɗaya, ya kara mata ɗan maganaɗisun da na ba shi, garin ya bi shi, ya yi murmushi ya ce in wuce. Na cusa kwalaben cikin safa na fita ina jin na wanke sunan ƙasata.

A waje na tarar da kakannin adaidaita sahu, ɗaruruwa, launinsu ɗaya da namu, halinsu ɗaya da namu. Na nuna wa wani direba adireshi na tambaye shi ko ya san wurin. Ya kaɗa kai gefe da gefe. Na wuce wurin na biyu, shi ma ya kaɗa. Sai da na wuce mutum huɗu kafin wani ya gaya mini cewa a nan kaɗa kai haka yana nufin e. Yana kuma nufin wataƙila, yana nufin na ji ka, yana nufin Allah ya kyauta. Mu a Kano da "in sha Allahu" muke wannan aikin.

Masaukin baƙin jami'a ɗaki ne mai tsabta, da fanka, da bokiti, da gadon da ya fi benci taushi kaɗan. Bayan na yi azahar na zazzage safar a kan gado don in jera kwalabena. Takardun da na manna babu su. Jiƙaƙƙiyar fatar ta narkar da su, abin da ya rage wata jar dusa ce a jikin gilashin, ba lamba, ba alamar biro. Kwalabe shida, baƙin gari iri ɗaya, nauyi ɗaya. Na ɗaga su a hasken taga ɗaya bayan ɗaya, na shinshina, na girgiza. Ban san wacce ce sabuwa ba, ban san wacce ta yi aiki sau biyar ba. In babu wannan sani, duk abin da injin zai faɗa daidai yake da a gwada jinin mutum shida a ba ka sakamako ba suna.

Abincin wurin ban ji ɗanɗanonsa sosai ba a ranar, amma daga baya mun san juna. Da safe waina ce fara fat wadda ba ta taɓa haɗuwa da mai ba, sai wata miya mai ruwa-ruwa da ta ji tsamiya. Da rana shinkafa. Da yamma, don canji, shinkafa. Akwai wani abu mai kama da sinasir, faɗinsa ya kai faifai, shi kam ba laifi. Nama kuwa, da na tambaya, mai dafa abincin ya dube ni kamar na nemi ya yanka mini ƙaninsa. Saboda haka kilishin Binta a ɗaki nake cin sa, ƙofa a kulle, ina kaɗa warin da tawul ta taga. Shayinsu yana da daɗi, sai dai kofin bai fi murfin kwalba ba. Mai shayin ƙofar kamfaninmu da ya ba mutum wannan, da an rufe masa rumfa.

Washegari, ranar farko cikin ukuna, na isa ɗakin injin da sassafe. Aka ce in cire takalmi a bakin ƙofa, kamar masallaci. Na shiga na tarar an rataya wa injin furanni, an shafa masa wani jan abu a goshi, an ajiye ayaba da kwakwa a gabansa, ɗalibai suna ta raba alewa. Ashe ranar ce suke girmama kayan aiki, daga guduma har kwamfuta, kuma ba a kunna komai. Na tsaya ina dariya a ciki, ina cewa dubi masu ilimi. Sai na tuna ranar da aka kawo sabon injin matse fata a kamfaninmu: an yanka rago, an yi sauka, an tofa masa addu'a, aka kuma hana kowa taɓa shi sai Alhaji ya dawo daga Umara. Bambancin dai su injinsu yana aiki washegari. Na ci alewar, kwana ɗaya ya tafi.

Mai kula da injin wata mata ce, Madam Lakshimi, gajeriya, mai furfura, da tabarau rataye a wuya. Shekara ashirin tana tare da injin nan, kuma ta fi yarda da shi a kan mutane. Tunda ba aiki, ta zagaya da ni ta yi mini bayani kamar ban taɓa karanta shi ba, na kuwa kasa kunne don a takarda kawai na san shi. Manyan maganaɗisu biyu ne, kowanne ya kai tayar tirela, suna fuskantar juna. A tsakaninsu akwai ɗan akwatin ƙarfe. Ana zuba ɗan garin a siririn bututu a zura a ciki, a sakar masa igiyar maikurowef, sannan a riƙa ƙara ƙarfin maganaɗisun a hankali. Kowace ƙwaya a garin ƙaramin maganaɗisu ce da ke juyi a kanta. In aka kai daidai ƙarfin da juyinta ya yi daidai da bugun igiyar, sai ta shanye igiyar, kamar lilo da ake turawa a daidai lokacin da ya dawo. Kwamfuta sai ta zana layi, ya hau ya sauka. In layin siriri ne, ƙwayoyin girmansu ɗaya, lafiyarsu ƙalau. In ya baje ya yi faɗi, sun cure ko sun lalace.

Da ta gama ta ce in kawo kayana ta rubuta a littafi. Na jera mata su. Ta sa tabarau, ta juya kowace, ta tambayi ina lambobin. Na gaya mata labarin, ina dariyar da ba ta kai ciki ba, na ɗora komai a kan wani tsoho a ƙasarmu da bai san darajar takarda ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ka tambaye shi?"

Na fita waje da zafina. A can rana ta take, a Kano kuwa lokacin ake shiga aikin safe. Na kira wayar mai gadin kamfaninmu na ce a haɗa ni da Baba Idi. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Baba, kun san abin da kuka yi mini? Fatarku ta cinye takardun. Yanzu ban san wacce ce wacce ba."

Ya ce, "Injiniya, kun sauka lafiya?"

"Lafiya. Baba, maganar takardu nake."

"Ai na san ruwa zai ci takarda," in ji shi, ba ko damuwa a muryarsa. "Shi ya sa na huda muku. Ku duba hannun kowace, wajen ratayawa. Mai lamba ɗaya huda ɗaya, mai biyu huda biyu, har shida. Ɗaya-ɗaya na ɗinka su don kada su cakuɗe. Boko ne ban iya ba, lamba kam shekara talatin ina ganinta a jikin dilar fata."

Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa:

"Ai haka muke wa kowace fata a nan, a gefen wuya, don a san mai ita da darajarta. Na ɗauka kun sani."

Shekara tara ina wucewa ta gaban tarin fatun nan safe da yamma. Ban taɓa sunkuyawa na dubi gefen wuyan ko ɗaya ba. Na ce, "To, Baba, na gode," na kashe wayar.

Na tari adaidaita na koma filin jirgi, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ba a barin wanda ya fita ya koma ciki, wannan ko a ina haka ne. Na yi wa wani ɗan sanda bayanin cewa ina neman fatar akuya guda shida a kwandon shara. Ya saurare ni har ƙarshe, ya kaɗa kai gefe da gefe. Wannan karon na gane ma'anarsa ba tare da tafinta ba. Wani mai shara da ya ji mu ya ce ana kwashe kwandunan sau uku a rana, na jiya kuwa sun daɗe da barin gari.

Sauran kwana biyun muka yi awon. Madam Lakshimi ta raɗa wa kwalaben sunayen haruffa yadda suka zo hannunta. Aiki ne mai cin rai: a auna nauyi, a zura bututu, a daidaita, a jira. Injin yana gurnani, ruwan sanyaya shi yana zagayawa, wuta kuwa ba ta ko ƙifta ba, abin da ya riƙa ba ni tsoro, don na saba in ana aiki mai muhimmanci a ɗauke ta. Layuka shida suka fito, masu kyau kamar a littafi. Huɗu sirara, kusan iri ɗaya. Biyu sun baje sun yi faɗi.

Duk wanda ya bi ni zuwa nan ya ga abin da na gani. In biyun nan su ne na biyar da na shida, to garina yana jure wanki uku kafin ya gaji, kuma digiri ya samu. In kuwa ɗayansu shi ne sabon, ko na biyu, to hanyar haɗin tawa ce ba ta da tabbas, yau ta yi kyau gobe ta ɓaci. Na zauna a gaban kwamfutar na jera su yadda nake so, daga siriri zuwa mai faɗi. Wallahi sun yi kyau. Na ce wa Madam Lakshimi ai hankali ma ya nuna haka tsarin yake.

Ta dubi allon ta ce, "Zai yiwu haka ne. Injin ba zai kai ƙararka ba, ni ma ba zan kai ba. Ruwan da kake maganar tsarkakewa, ina yake zuwa in ya fita daga kamfaninku?"

Na ce kogi.

"Akwai masu amfani da shi?"

Na ce akwai masu lambu. Ban gaya mata cewa latas ɗin da ake sayarwa a bakin layinmu daga nan yake zuwa ba. Ta cire tabaranta ta ce in na sake haɗa wasu in aiko ta gidan waya, za ta auna mini. Na ce wata takwas ne aikin, ni kuma sati bakwai gare ni. Ta kaɗa kai, ta miƙo mini ragowar alewar shekaranjiya.

Dawowa ba abin faɗa. Kuka da daddawar ɗalibin nan na bar wa mai dafa abinci, wanda ya shinshina daddawar ya riƙe ta nesa da jikinsa da ladabi. Binta ta tare ni da tuwo da miyar kuɓewa da naman da ya kai nama, na ci har na ji kunyar yara.

Kwana uku bayan haka na je wurin Farfesa, mai duba aikina, dattijon da ya gaji da ganin fuskata kamar yadda na gaji da hawa benensa. Na shimfiɗa masa layukan, na gaya masa ba su da suna. Ya daɗe yana kallonsu. Da yatsa ya tura biyun masu faɗi zuwa ƙarshen tebur, kamar wasa, ya ce, "Nasiru, ka tabbata ba ka tuna ba? Wani lokaci in mutum ya natsu yakan tuna." Na ce ban tuna ba, ranka ya daɗe. Ya ce in je in yi tunani zuwa Juma'a. Kada ku ɗauke ni waliyyi. Tsararren jerin nan na buga shi a takarda, ya kwana huɗu a aljihuna, har na rubuta masa shafi biyu na bayani mai daɗi. Ranar Juma'a na hau benen, na sake cewa ban tuna ba. Ya ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri," ya rufe fayil ɗin. Ya nema mini ƙarin lokaci, aka ce an riga an ƙara sau biyu.

Wannan gaskiyar na iya faɗinta. Ga wadda ban iya ba. Duk wanda ya tambaye ni a kamfani me ya faru, sai in ce fatar Baba Idi ce ta cinye lambobin. Ina ba da labarin da gishiri, ina kwaikwayon yadda ya saki kwalbar a siminti, ana ta dariya. Maganar huda da kwandon shara ban taɓa kaiwa nan ba. Cikin sati guda yaran sashen jiƙa fata suka sa masa suna Baba Mai Cinye Digiri. Mista Rajan, wanda ya ji kunyar surukinsa, ya kira shi ofis ya yi masa faɗa a kan shiga abin da ba a sa shi ba. Tsohon bai gaya wa kowa maganar hudar ba.

Takardar jami'a ta zo ranar Talatar da ta wuce. Sun cire sunana, tare da fatan alheri, kuma ina da damar sake nema daga farko. Shekara bakwai. Na karanta ta a tsaye, na ninke, na ci gaba da auna ruwan ranar, don ruwan bai san an kore ni ba.

Bayan la'asar na ji sallama a ƙofar ɗakin gwaji. Baba Idi ne. Ya tuɓe takalminsa a waje, ya shigo ya durƙusa, mutumin da ya girmi mahaifina. Ya ce, "Injiniya, na ji abin da ya faru. Ku yafe ni. Na yi ta tunani, wataƙila hudar ce ba ta fito sosai ba. Idona ba kamar da ba, kuma basillar siririya ce. Da na sani da na yi da babba."

Na dube shi, na ce, "Ba komai, Baba. Ku tashi." Abin da na ce kenan. Ya yi godiya, ya sa takalminsa ya tafi.

Hudar ta fito ko ba ta fito ba, ban sani ba, don ban duba ba. Ni na farke fatun da hannuna, duka shida, bayan an ce mini ɗaya ta isa, na zuba su a shara don kada baƙi su ɗauka na san mutum irinsa. Baba Idi ba ya karanta boko. Wanda wannan rubutu ya fara isa wayarsa a cikinku, ya karanta masa shi a rumfar shayi, da ƙarfi, lokacin da 'yan sashen jiƙa fata suke nan. Ni na je wurinsa sau biyu da niyyar gaya masa gaskiya, sau biyun ina gaishe shi in wuce.